Gonar da aka sayar amma cinikin bai mutu ba: dangi da cinikin gona a ƙauyukan Sin na da

Ɗalibin Sin:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, kwana biyu kun ji ni shiru. Hutun Qingming muka samu, ranar da mutanen nan ke fita share kaburburan iyaye da kakanni a farkon Afrilu, shine wani abokina ɗan ajinmu ya ja ni ƙauyensu can cikin duwatsun lardin Fujian. Bayan sun sauko daga kan tudu an zauna cin abinci (ni dai a shinkafa da ganye da dafaffen ƙwai na tsaya, kun san dalili) sai kakansa ya shiga ɗaka ya fito da wani ɗan akwatin katako, ciki takardu ne sun yi laushi kamar tsumma, wai na gonakin gidansu ne tun zamanin sarautar Qing, daular sarakunan Sin ta ƙarshe. Abokin nawa na karantawa yana min bayani.

Ta farko mai gona ne ke cewa gona kaza da na gada wurin mahaifina, gabas ta yi iyaka da wane, yamma da rafi, kudu kaza arewa kaza, saboda matsin hannu na tuntuɓi 'yan uwana da 'ya'yan baffannina babu mai so, don haka ta hannun dillali na miƙa ta ga wane a kan azurfa kaza. Dillali ya sa hannu, shaidu sun sa, har ƙanin mai gonar ya sa. Toh nan ba matsala. Sai ga takarda ta biyu bayan wasu shekaru, mutumin nan dai ne ya dawo wai gona ta yi daraja a ƙara masa wani abu, kuma aka ƙara! Ta uku ɗansa ne ma ya zo bayan uban ya mutu wai ba kuɗin binne shi, aka sake ƙarawa. Nace kai tsaya, ya mutum zai sayar da abu ya ci kuɗi ya dawo yace a ƙara masa? Tsohon ya yi dariya yace ai cinikin bai mutu ba. Wai su a da ciniki iri biyu ne, akwai rayayye akwai matacce, in dai ba a rubuta kalmar yankewa a takarda ba to igiya na hannun mai gona da 'ya'yansa. Tun ranar abin ke min yawo a kai nace bari in kawo zaure.

Alhajin Kwari:
Wa'alaikumus salam ɗalibi, sannu da hanya. Ni fa na fi shekara goma ina zirga-zirga Guangzhou ban taɓa ganin ɗan Chaina ya ƙara min ko sisi bayan an rufe kwantena ba hhh. Amma tsakani da Allah wannan ai zalunci ne a kan mai saye. Na bada kuɗina, na kai taki, na gyara kunya, gona ta yi kyau, sai wani yaro da ban ma san an haife shi ba ya zo ya tsaya min a ƙofar gida wai gonar kakansa? Wa zai zuba dukiyarsa a abin da bai san ranar da za a ƙwace ba.

Lauyan Zaure:
Alhaji abin da ya sa ka ga kamar zalunci, kana auna shi da cinikin atamfa ne. Sunan abin a wurinsu dian, kuma in ka duba da kyau jinginar gona ce irin wadda muka sani, sai dai tasu a rubuce take. Mai gona na karɓar kuɗi ƙasa da ainihin darajar gonar, galibi kashi 60 zuwa 80 cikin 100, wanda ya bada kuɗin ya shiga ya noma ya ci amfani, ba a lissafa kuɗin ruwa, amfanin gonar shine ribarsa. Bayan wa'adin da aka yanka ya cika, duk ranar da mai gona ko ɗansa ko jikansa ya samu hali sai ya kawo daidai abin da aka karɓa ya fanshi abinsa, kuma al'ada bayan girbi ake fansa kafin a yi sabuwar shuka, ba a tsakiyar damina ba. In ya ga ba zai iya ba sai ya nemi ciko, shine ƙarin da ɗalibi ya gani, suna ce masa zhaojia. Kenan asalinsa ba roƙo bane, ragowar kuɗinsa ne da bai karɓa ba.

Inda abin ya lalace shine mutane suka mayar da shi saniyar tatsa, yau a zo neman ciko gobe a zo, har kan gonar da aka sayar sayarwar yankewa, rigima har da kisan kai. Shi ya sa a 1730 zamanin sarki Yongzheng aka kafa doka cewa in takarda ta faɗi ciniki ya yanke to ba fansa ba ciko, in bata faɗa ba ana iya fansa, in kuma mai gona ya kasa to ciko sau ɗaya tak a rubuta sabuwar takardar yankewa. A 1753 zamanin sarki Qianlong aka ƙara da cewa tsofaffin takardun da basu fayyace ba, in sun wuce shekara 30 shikenan an ɗauke su a matattu. Amma ƙauye bai cika jin maganar fada ba, har karin magana gare su wai jingina ko ta shekara dubu tana nan da ranta. Ko dokar da gwamnatin jamhuriya, wadda ta biyo bayan sarakuna, ta yi wajen 1930 bata iya soke dian ba, iyaka ta yi mata shekara 30.

Sarkin Shagala:
Wato ko a Chaina ma akwai masu "Alhaji a duba mu" kenan, sai dai su da takarda suke zuwa hhhh

Malam Na Zaure:
Bismillah. Lauya tunda ka ce irin jinginarmu ce bari in sa baki, don kar wani ya karanta ya ɗauka an halatta masa. Jinginar da za ka ba mutum rance ka riƙe gonarsa kana cinye amfaninta sannan ya dawo maka da kuɗinka cif, malamai da yawa sun ce riba ce, don rance ne ya jawo amfani. A mazhabar Malikiyya an yarda mai riƙe da jingina ya shardanta amfani da ita ne in bashin na ciniki ne ba na rance ba, kuma a yanka lokaci sananne. Wasu malaman Hanafiyya na baya sun yi wani abu da ake kira bai'ul wafa'i, a sayar da sharaɗin in an dawo da kuɗi a dawo da kaya, wlh kamar an kwafo wannan dian ɗin, kuma shi ma an sha jayayya a kansa.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina wancan layin ne na "na tuntuɓi 'yan uwana babu mai so". Wannan ya yi kusa da shufa'a, wato haƙƙin abokin tarayya ya riga bare sayen kason da aka sayar. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari ya nuna Annabi (SAW) ya hukunta shufa'a cikin abin da ba a raba ba, in an yanka iyakoki an fitar da hanyoyi to babu ita. Shi ya sa a wurinmu Malikawa abokin tarayya ne ke da haƙƙin, maƙwabci bashi da shi, Hanafiyya ne suka ba maƙwabci. Su na Sin fa ya suke jerawa?

Lauyan Zaure:
Allah ya gafarta Malam, nasu ya fi faɗi. Tun zamanin daular Song, sama da shekara dubu kenan, doka ta ce wanda zai sayar ko ya jinginar da gona ya fara tambayar danginsa na wajen uba, in sun ƙi ya tambayi maƙwabtan gonar na kusurwa huɗu, in sun ƙi sannan bare. Ba sai ana tarayya ba, jini kawai ya isa. Zuwa zamanin Qing hukuma ta janye hannunta, har a waccan dokar ta 1730 an tanadi hukunci ga mai fakewa da zancen "dangi ne farko" don ya matsa a karya masa farashi. Ka ga kenan abin na faruwa sosai. Baffa mai kuɗi zai zauna ya ƙi saye ya kuma ƙi sa hannu, kai kuma ga mara lafiya a kwance, bare ba zai taɓa gonar da baffa bai sa hannu ba don ya san gobe rigima ce, a ƙarshe ka kai masa da kanka a rabin kuɗi.

Alhajin Kwari:
Yauwa! Ka ji ko. Ɗan uwa rabin jiki amma in ya tashi cinka ba ya barin ƙashi.

Ɗalibin Sin:
Alhaji ka ambaci ƙashi ka tuna min hhh. A Fujian ɗin nan a da gona ɗaya tana iya zama da masu ita biyu, ɗaya nada fata ɗaya nada ƙashi, wlh haka suke faɗa da yarensu. Mai ƙashi shi hukuma ta sani shi ke biyan haraji yana karɓar galla duk shekara, mai fata shi ke da ikon noma, kuma mai ƙashi ba zai iya korarsa ba muddin yana biya. Kowannensu na iya sayar da nasa ko ya jinginar ko ya bar wa 'ya'ya ba tare da ya nemi izinin ɗayan ba. Toh ka haɗa wannan da jingina da ciko da rabon gado, sai ka ga ɗan fili da bai kai filin ƙwallo ba mutum biyar na da magana a kansa.

Sannan takardun ma kala biyu ne. Cikin na akwatin guda ɗaya ce kawai mai jan hatimi, ita ce aka kai ofishin hakimin gunduma aka biya harajin kashi 3 cikin 100 aka buga mata tambari, suna ce mata jar takarda. Sauran duk farare ne, ba hukuma a ciki, dillali da shaidu da dangi ne kawai ƙarfinsu. Shi ya sa dillalin ƙauye ba ɗan kasuwa bane irin wanda za ka nema ka rasa, yawanci dattijo ne ko ɗan uwa wanda in rigima ta tashi bayan shekara ashirin shi za a kira. A arewacin ƙasar la'adarsa sananniya ce, mai saye ya bada 3 mai sayarwa ya bada 2 cikin ɗari, sannan a yi walima a ci a sha kowa ya shaida.

Maman Hanan:
Ina ta karantawa tun ɗazu ina jira in ji an ambaci mace, shiru. 'Yan uwa, baffanni, 'ya'yan baffanni, ƙani, jika. Ɗalibi don Allah a cikin takardun nan ka ga sunan ɗiya mace ko guda?

Ɗalibin Sin:
Hajiya gaskiya ban gani ba. Akwai dai wata takarda daban da uwa ta sa hannu tare da ɗanta, mijin ya mutu, kuma ko ita ba a rubuta sunanta na yanka ba, sunan gidan mijinta da na gidan ubanta aka haɗa.

Lauyan Zaure:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Rabon gida a wurinsu a da, fenjia, tsakanin 'ya'ya maza ne kawai kuma daidai wa daida, babba da ƙarami, ɗan uwargida da ɗan ƙwarƙwara duk kaso ɗaya. Sai a kasa gonaki da ɗakuna da dabbobi kashi-kashi yadda za su yi daidai, a rubuta a jefa ƙuri'a kowa ya ɗauki rabonsa, sau da yawa kawu ɗan uwan uwa ake kira ya tsaya a kai tunda shi bashi da kaso a ciki. In iyaye na raye a ware musu gonar tsufa, in akwai 'yan matan da ba a aurar ba a ware kuɗin kayan ɗakinsu. Iyakar rabon mace kenan, kayan ɗaki. Ko mutum bai haifi namiji ba, ba a ba 'yarsa gona kai tsaye, sai a ɗauko ɗan wansa ko na ƙaninsa a mayar da shi ɗansa ya gaje shi ya ci gaba da yi masa hidimar kabari, sai in an rasa namiji kaf a dangi sannan 'ya ta samu. Matar mamaci kuma tana riƙe kason mijinta amana ne don magaji, ranar da ta yi wani aure ta bar komai, a dokar daulolin Ming da Qing har kayan da ta zo da su gidan tsohon mijin ne ke da iko da su. An ba mata gado daidai da maza a dokar 1930 amma a ƙauye takarda ce kawai.

Maman Hanan:
Toh kun ji. Kenan duk wannan kariyar da ake cewa gona bata barin dangi, dangin maza ake nufi. Kuma kar mu yi saurin cewa Allah mun gode mu ba haka muke ba. Shari'a ta bamu rabin na namiji, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, amma je ka ƙauye ka gani. Mahaifinmu ya rasu shekara goma sha ɗaya kenan, gonaki uku, har yau ba a raba ba, yayyenmu maza ke nomawa, da kaka a aiko min da buhun gero ɗaya ace ga na gona. Na taɓa buɗe baki sau ɗaya aka ce so nake in kai gonar gidanmu gidan wani. Su Sinawa a ƙalla basu ɓoye ba, mu kuwa da aya a hannu muke yi.

Malam Na Zaure:
Hajiya wannan cin haram ne ƙarara ba wani kwana-kwana, kuma jinkirta rabon gado ba da yardar magada ba zalunci ne. Ki samu wani babba da suke jin nauyinsa kafin a kai ga kotu. Allah ya warware.

Maman Hanan:
Amin Malam na gode.

Baban Walid:
Ni fa ina ganin kun karkata gefe guda. Malamin makaranta ne ni, tarihi nake koyarwa, kuma akwai ɓangaren da ba a faɗa ba wato gonar dangi ta bai ɗaya. Wani babban jami'in daular Song mai suna Fan Zhongyan, wajen shekarar 1050 ya sayi gonaki kimanin mu 1,000 a Suzhou (mu shine ma'aunin gonarsu, a awon yau 15 ne ke yin hekta ɗaya) ya tsayar da su don zuriyarsu, ba mai sayarwa ba mai rabawa. Daga gallar ake ba kowane ɗan dangi awon shinkafa na kullum da tufafin shekara, a taimaka da kuɗin aure da na jana'iza, kuma Hajiya ki ji wannan, kuɗin aurar da 'ya mace ya fi na yi wa namiji aure, har wadda za ta sake aure ana ba ta. Wannan gona ta rayu kusan shekara 900 har ƙarni na 20. Ku faɗa min wane attajirinmu ne dukiyarsa ta kai jikokin jikoki bata watse ba? Dangi da yawa suka kwaikwaya, musamman a kudu, ana ware gona don hidimar kakanni, wata don karatun yaran da za su zauna jarrabawar shiga aikin sarki. Binciken da wani masani ɗan Sin, Chen Hansheng, ya yi a shekarun 1930 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin lardin Guangdong na dangi ne ba na mutum ɗaya ba. Kuma hukuma ta tsare ta, a dokar 1756 jikan da ya saci gonar hidimar kakanni ya sayar har ta kai mu 50 kora ce zuwa bakin iyaka.

Malam Na Zaure:
Wannan kam waƙafi ne na zuriya in ka cire zancen bautar kakanni.

Alhajin Kwari:
Malam Baban Walid wa ke riƙe da makullin rumbun? Nan ne zancen yake. Ni duk inda aka ce dukiyar kowa da kowa ce na san ta mutum biyu ce.

Baban Walid:
Hhh Alhaji baka yi ƙarya ba, shi kansa Chen ɗin abin da ya koka da shi kenan, manyan dangi masu ƙarfi ke riƙe da littafin lissafi, su ci su ba talakan dangi hayar gonar kakansa. Kuma da kuɗin ake sayen makamai in faɗa ya tashi tsakanin dangi da dangi kan ruwan ban ruwa ko wurin kabari, Fujian da Guangdong sun yi suna a wannan. Ban ce aljanna bace.

Lauyan Zaure:
Bari in kawo wata mahanga da za ta yi wa Alhaji daɗi ta kuma ɓata masa rai lokaci guda. Akwai wani farfesan shari'a a jami'ar Yale, Taisu Zhang, ya kwatanta Sin da Ingila. A Ingila ta da in ka jinginar da gona ranar biya ta wuce ka rasa ta, shi ya sa ƙananan manoma suka yi ta sakin ƙasa tana taruwa a hannun manya har aka samu manya-manyan gonaki masu ɗaukar 'yan ƙwadago. A Sin kuwa mai kuɗi ya tara gonaki ashirin na jingina amma ba zai iya haɗe su ya yi dogon shiri ba tunda kowacce ana iya zuwa fansa. Tambayar ita ce me ya sa masu kuɗin Sin basu canza al'adar ba? Amsarsa ita ce girma a ƙauyen Sin ba da dukiya ake samunsa ba kawai, da shekaru ne da matsayi a jerin zuriya. Talaka fitik in shine babba a dangi shi ke zama a gaba ranar taro, attajiri in jika ne a lissafi dole ya rusuna. Tunda talakawa sun fi yawa, kuma su ke jinginar da gona, sai dattawansu suka tsare al'adar da ke kare mai jinginarwa. Wato abin da ya hana talaka zama ɗan ƙwadago a gonar ubansa, shine kuma ya hana noma girma. Akwai masanan da basu yarda da shi ba amma ni hujjar ta zauna min.

Alhajin Kwari:
Toh ai maganata ce ya faɗa da turancin jami'a. An hana mai zuciyar nema ya yi gaba don a lallaɓa wanda ya kasa.

Baban Walid:
A'a Alhaji a hankali. Kariyar ma ba ko'ina ta yi aiki ba. Wani masanin zamantakewa ɗan Sin, Fei Xiaotong, ya zauna a ƙauyen Kaixiangong kusa da tafkin Tai a 1936, ƙauye mai gida kusan 360 masu noman shinkafa da kiwon tsutsar siliki. Ya tarar mutanen na ganin sayar da gonar gado abin kunya ne, saɓa wa iyaye ne, amma duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na ƙashin gonakin ƙauyen ya riga ya koma hannun masu kuɗin birni da basu taɓa taka gonar ba. Dalili farashin siliki ya faɗi, aka ci bashi mai ruwa don biyan haraji da biki da jana'iza, bashi ya cinye ƙashi aka bar manomi da fata yana biyan galla a gonar da kakansa ya mallaka. Dangi na iya hana ka sayar wa bare da rana tsaka amma basu iya biya maka bashi in su ma a cikinsa suke.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ni sabo ne a zauren ga amma zancen ga ya taɓa ni. Kakanmu ya bada gona jingina lokacin yunwar 1984, buhu huɗu na hatsi aka bashi ba kuɗi ba, ya tafi cin rani bai daɗe da dawowa ba ya rasu. Yanzu mun tashi fansa jikokin wancan sun ce su sun tashi sun iske ana noman ta a gidansu, saye ne. Ba takarda, shaidu biyu sun rasu saura tsoho guda shi ma ido ya tafi. Da irin farar takardar ga ta Sinawa muka samu ko ba hatimi da ba mu kai haka ba. Mi kuka gani?

Lauyan Zaure:
Ɗan uwa kar ku ɓata lokaci, tsohon nan shine takardarku. Ku je da mutum biyu adilai da mai gari a ɗauki maganarsa a rubuce a kuma naɗa a waya tun yana da ƙarfi, sannan ku nemi masu gonakin da ke iyaka da ita, su kan san abin da iyayensu suka faɗa. Ka kuma bincika ko an taɓa kai musu wani abu ko su sun taɓa aiko muku da wani abu daga gonar, irin wannan na nuna sun san ba tasu bace.

Sarkin Shagala:
Buhu huɗu tun 1984, ai sun ci buhu ɗari huɗu a ciki, su ya kamata su biyo ku da ciko

Maman Hanan:
Ɗalibi yanzu fa? Har yau haka suke ko gurguzu ya share komai?

Ɗalibin Sin:
Hajiya ya share, a takarda dai. Dokar rabon ƙasa ta 1950 ta ƙwace gonakin dangi da na gidajen kakanni da na manyan masu ƙasa aka raba wa talakawa, an kashe masu gonaki da yawa a lokacin, bayan 'yan shekaru kuma aka tattare komai aka koma noman gayya na dole, aka sha yunwa mai tsanani daga 1959 zuwa 1961. Sai a 1978 wasu magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a ɓoye suka raba gonar gayyar gida-gida, da alƙawarin in an kama wani sauran su riƙe masa 'ya'ya har su kai shekara 18. Daga nan tsarin ya bazu. Yau ƙasar noma ta ƙauye ce gaba ɗaya, gida na riƙe da ita ne da yarjejeniyar shekara 30 da ake sabuntawa, kana iya bada haya amma ba ka sayarwa. Kuma rigimar da ta fi yawa har yanzu irin taki ce, macen da ta yi aure a wani ƙauye sai a ce ta fita, in gwamnati ta karɓi fili ta biya diyya a hana ta kaso duk da doka ta bata. A yankin karkarar Hong Kong ma inda gonakin dangi suka tsira tunda Turawan Ingila ne ke mulki, sai 1994 aka ba mata damar gadon ƙasa.

Su waɗannan takardun da na gani ma da ƙyar suka kai yau. Tsohon yace a 1966 da aka fara juyin al'adu duk wanda aka kama da tsohuwar takardar gona cewa ake yana jiran gwamnati ta faɗi ya karɓi abinsa, mutane suka yi ta ƙonawa, shi uwarsa ce ta naɗe su ta cusa cikin bangon kicin ta shafe da laka.

Alhajin Kwari:
Toh ita waccan gonar mai takarda uku, daga ƙarshe an kashe cinikin ko har gurguzu ya zo tana raye?

Ɗalibin Sin:
Na tambaya Alhaji. A ta ukun ne aka rubuta yankewa, ba fansa ba ciko har abada. Amma an ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa kabarin da ke gefen gonar ta arewa baya cikin cinikin kuma ba za a toshe hanyar zuwa wurinsa ba. Yanzu ganyen shayi ne a wurin, wani gida daban ma ke nomawa, amma ranar da muka hau tudun mun haɗu da jikokin mai sayarwar su kusan goma da tsintsiya da fartanya sun ratsa ta tsakiyar shayin, ba wanda ya ce musu kanzil.

Ɗan Maraɗi:
Lauya, na kira yayana, jibi in sha Allah za mu wurin tsohon. Waya ta isa ko sai mun ɗauki mai rubutu?

Lauyan Zaure:
Ku yi duka biyun, kuma ya dangwala yatsa a gaban mai gari.